Wuƙar Mati

Shekarar da aka canja kuɗi, Mati, shahararren ɗan taurin Runka, ya tari Saude a bakin rijiya, ya miƙa mata wuƙarsa.

"Na bar tauri. Kukan da kika yi a filin wasa ya koya mini tsoro. Ki bari a kai gaisuwa gidanku."

Ta naɗe wuƙar a haɓar zanenta. "Haka yayana ya rantse, kafin a kawo gawarsa daga farauta."

Sai ga gangar tauri daga hanyar Safana, maroƙi yana yi wa Mati kirari.

"Ba za ni ba," ya ce.

Saude ba ta dubi bakinsa ba. Ƙafarsa ta kalla. Babban yatsan ya riga ya fara bin kiɗan.