Injin da Ya San Nok

Baba Gershon ya tsani allon nan tun ranar da matasan gari suka kafa shi a bakin hanyar kogon Nok. Lambar waya ce a jiki, da ɗan rubutu: "Ɗauki hoto, turo tambaya, inji zai amsa."

Shi ne mai zagayawa da baƙi tun gashinsa na baƙi. Yanzu kuwa ɗalibai su sauko daga bas ɗin Kafanchan, su wuce shi kamar kututture, su ɗauki hoton kan tsohon mutum-mutumin yumɓu, amsa ta faɗo musu a waya. Abin haushin ma, amsar daidai take.

Kullum da yamma sai ya juye wa matarsa Afiniki takaicinsa, tana fasa citta, wayarta a cinya saboda saƙonnin zumuntar mata.

"Maman Lucy, injin nan jahili ne! An tambaye shi dalilin hujin da ke idon kan, wai a jira gobe." Sai ya zayyana mata amsar, har da ƙari. Ita dai "to" take cewa. Dama in ana zancen tarihi bai taɓa barinta ta kai aya ba.

Washegari inji ya san amsar, har da ƙarin.

Nan Baba ya gano bakin zaren: ashe ta wayarsa munafukin yake sauraronsa! Ya cusa ta cikin buhun citta ya ɗaure. A banza. Ya koma yi wa Afiniki bayani da raɗa, inji bai fasa sani ba.

Kwamitin gari ya ce malami ɗaya ya isa: ranar Asabar za a gwada su a gaban jama'a, wanda ya faɗi a sallame shi. Tsoro ya kama Baba, tsoro na gaske. In aka raba shi da kogon nan, me ya rage masa?

Da safen Asabar ya kwance buhu, ya tarar waya ba caji.

"Kawo taki in kira mai mashin," ya ce wa Afiniki.

"Baban Lucy, tsaya..."

Ina! Ya fizge, ya jefa a aljihun wando, ya fice.

A bakin kogo shugaban kwamiti, Mista Kumai, ya tura wa inji tambayar farko, ya karanta wa Baba ita. Baba ya zuba amsa. Inji shiru. Aka sake, aka kuma, shiru kake ji. Cinyar Baba sai rawa take, shi kuwa ya ɗauka murna ce.

"A ba shi kunu, ƙila bai karya ba," in ji Baba, jama'a suka kwashe da dariya.

Mista Kumai ya ɗaga hannu. "Kafin mu tuge allon, bari dai in kira lambar, kada mu zalunci inji."

Ya danna, kowa ya kasa kunne. Sai wayar Afiniki ta ɓarke da waƙar zumuntar mata a aljihun Baba Gershon.