Filin da Azumi Ta Zaɓa

Fili na bakwai ke nan da Azumi ta ƙi. Hamajoɗa dillali ya cire hula ya share zufa, ya dubi mijinta kamar mai neman ceto.

"Oga Lawal, wannan Adda, madam naka, me yake so ne? Demsawo bai yi ba, Bachure bai yi ba, Damilu ma bai yi ba!"

Lawal ya ba shi haƙuri. Sauran mata in an kai su ganin fili, ruwa suke tambaya, da wuta, da nisan asibiti. Ita Azumi tambayarta guda ce: akwai 'yan garinsu Madagali a unguwar? Da an ce akwai, sai ta koma cikin keke ta zauna. To Yola kuwa, tun shekarar gudun Boko Haram, wane lungu ne babu ɗan Madagali?

Shi dai bai taɓa ganin laifinta ba. Gyaran janareta yake yi a bakin kasuwar Jimeta, can ya haɗu da ita tana tallan waina, ba ta daɗe da barin sansanin 'yan gudun hijira ba. Shekara tara suka yi a ɗaki ɗaya na haya, da 'ya'ya uku, ana layin banɗaki da mutum ashirin. Gida yake so ya gina mata, inda za ta yi barci ba firgita.

Sau ɗaya tak ta ba shi labari. Wata bakwai ta yi a wata makarantar firamare da 'yan Boko Haram suka mayar wurin tsare mata. Da hantsi ake jera su, a ɗaure mai laifi a jikin ƙarfen tuta, a sa mata dorina har riga ta manne da nama. Wata tsohuwa ta cika a bulala ta talatin, amma ba a tsaya ba sai da aka cike adadin. Lawal ya yi kuka ranar, ita ko ƙwalla ba ta yi ba. Kullum yakan gode wa Allah da ya fito masa da ita ba ko ƙwarzane.

Ranar Asabar Hamajoɗa ya kai su Mbamoi, can inda gidaje suka ƙare gonakin masara suka fara. Ya nuna gabas ya ce gidan wani Bafulatani ne ɗan asalin Yola. Ya nuna yamma ya ce na Malam Apollos ne, malamin makaranta, mutumin Numan. Sauran kuwa gona ce.

Azumi ta daɗe tana kallon wurin, sannan ta ce, "Nan ya yi." Lawal ya ji daɗi har ya kusa rungume dillalin.

Ranar aza harsashi motar ruwa ba ta zo ba. Magina sun haƙa rami, an zuba siminti a kan yashi, rana tana ta yi. Gidan Apollos akwai rijiya, amma maigidan yana makaranta, kuma namiji ba ya faɗa wa gidan mutum a bayan idonsa. Azumi ta ɗauki bokiti biyu ta shiga roƙon ruwa.

Lawal ya ji sallamarta. Ya ji an tsayar da dakan da ake yi a ciki. Sai ihu.

Da baya Azumi ta fito, taɓarya ta biyo ta ta sauka a kafaɗarta, ƙashin ya ce ƙas. Ta faɗi a kan yashi. Matar gidan ta haye ta, ta shaƙe ta da mayafinta, tana buga kan Azumi da bulo tana kururuwa da Margi, yaren mutanen Madagali. Ashe Hamajoɗa bai yi ƙarya ba, maza ya lissafa. Ba wanda ya tambayi garin matar Apollos.

Lawal bai san lokacin da ya ɗauki shebur ba. Ya maka wa matar a haƙarƙari, ta mirgina, ta miƙe da jini a baki ta sake yin kan Azumi. Sai da magina uku suka riƙe ta, biyu suka riƙe shi. Manoma suka fito daga cikin masara da fartanya, wani har da adda.

Zuciyarsa ta tafasa. Ashe abin da matarsa take gudu ke nan: mutanen garinsu da ke tofa wa duk wadda aka ceto yawu, su kira ta matar 'yan daji.

"Ku ji tsoron Allah!" in ji Lawal. "Ita ma kama ta aka yi! Me ta yi miki? Ina kika san ta?"

Matar ta fizge hannunta, ta juya wa taron baya, ta yage rigarta tun daga wuya. Babu inda za a ɗora yatsa a bayan nan ba tabo. Masu fartanya suka ja da baya.

Lawal ya durƙusa ya tallafo kan matarsa. "Azumi, gaya musu. Gaya musu tare kuka sha wahalar nan."

Azumi ba ta dube shi ba. Ta tofar da jini, ta ɗaga ido ga matar.

"Bulala tamanin aka ce in yi miki, Selina. A sittin na tsaya."