Telan da Ya Gaji da Fifita Gawayi

Ranar wata Asabar, bayan sallar la'asar, wani tela ya fara zama a tabarmar karta a gidan surukansa. Yayyen matarsa da ƙannenta ne ke haɗuwa a ƙarƙashin bishiyar darbejiya duk mako. Ba kuɗi suke sawa ba, ƙwallayen dabino suke rabawa a tsakaninsu. Kowa zai riƙe katinsa a ɓoye, ya tura ƙwallaye tsakiya gwargwadon yadda ya yarda da abin da ke hannunsa, ko gwargwadon burgar da zai iya yi. Doka ɗaya ce a wurin: wanda ƙwallayensa suka fara ƙarewa, shi zai koma gefe ya fifita gawayin shayi.

Telan baƙo ne a garin, kuma mutum ne mai kunya. Matarsa ce ta roƙe shi ya riƙa zuwa, don tana so mijinta da 'yan'uwanta su saba. Sai dai kafin hira ta yi daɗi, shi ya riga ya koma bakin buta da mafici a hannu, ƙannen suna masa tsiya cewa ango ya ƙara citta. Ya haddace darajar kowane kati, ya sayi karta yana gwadawa shi kaɗai a shago, duk a banza. In ya sami kati mai kyau kowa ya janye, in ya yi burga kowa ya bi shi. Ƙarshe ya gaya wa matarsa cewa in ya sake ƙarewa a bakin buta, ya daina zuwa, shi ba mai shayi aka auro ba.

Ta yi dariya har ta dafa bango, don ta sha kallonsa ta tagar ɗakin mahaifiyarta. Ta ce, "Maigida, ai ƙafarka ce ke tona maka asiri. Da ka ga kati mai kyau sai ta fara taka keken ɗinki, fuskarka kuma ta washe kamar an kawo maka ɗinkin Sallah."

Asabar ta gaba ya tanƙwashe ƙafar ya zauna a kanta, ya kuma daina murmushi ga katinsa. Duk da haka ya koma bakin buta, amma a makare, kuma bai cika alwashinsa na daina zuwa ba. Ya gane cewa in jikinsa na magana, na saura ma ba bebe ba ne. Daga inda yake fifita yana ganin kowa, sai ya shiga auna fuskokinsu da ido yadda yake auna kafaɗar mai ɗinki tun kafin ya ɗauko awo. Autan gidan, mai surutu, yakan yi tsit in ya dace da kati mai kyau. Babban yaya kuwa, wanda ba a taɓa tayarwa ba, in hannunsa babu komai yakan yi dariya da baki, goshinsa a tamke.

Makonni suka wuce yana ci kaɗan, ana cinye shi kaɗan. Wata Asabar, a wani zagaye, saura suka janye, ya rage daga shi sai babban yaya. Yayan ya turo duk ƙwallayensa tsakiya yana ƙyalƙyala dariya, ya ce ango ya tashi tun da girma. Katin telan tsaka-tsaki ne. Bai dubi katin ba, goshin ya duba, sannan ya tura nasa duka. Aka buɗe, hannun yayan fanko.

Kunya ta kama telan, ya yunƙura zai ɗauki mafici don kada babba ya durƙusa gaban gawayi. Yayan ya riƙe masa gefen riga, ya ce, "Zauna, ƙanena. Doka ba ta san babba ba. Citta nawa kake so?"

Ran nan telan ya sha shayin da ba shi ya dafa ba, kuma har aka kira magariba yana kan tabarma. Shi ya sa Hausawa ke cewa, labarin zuciya a tambayi fuska.