Wayar da Ba ta Ƙone Ba

A unguwarsu ba mai kiransa da sunan yanka, kowa Na-iya yake ce masa. Direban motar ofis ne, amma in famfo ya lalace ya iya, in rediyo ta yi shiru ya iya, ko ciwon haƙori ka kai masa sai ya faɗa maka magani. Yana zaune da matarsa da mahaifiyarsa, Inna, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu a ɗakin ƙurya.

Cikin sati guda fis ɗin gidan ya ƙone sau uku. Da zarar matar ta jona dutsen guga alhali firji da hita suna aiki, sai wuta ta ɗauke ɗif. Na-iya ya buɗe akwatin wuta ya ɗaura wata siririyar wayar, bayan kwana biyu ta sake tsinkewa.

"Maigida, soket ɗin ɗakin Inna fa ya yi baƙi," in ji matar. "In na dafa bangon ɗumi nake ji, ga wani ƙauri kamar na roba. Don Allah ka kira mai gyaran wuta. Akwai wani a bayan layinmu, ga katinsa maƙwabciya ta ba ni."

"In kira wani ƙato har cikin gidana ya koya min ɗaura waya? Ni da nake sauke injin mota in mayar?"

Ya karɓi katin ya ninke shi huɗu, ya tokare ƙafar teburin falo da ta daɗe tana rawa.

Inna ta jiyo su daga ɗaki. "Ɗan nan, ka ji maganar matarka. Ƙafata ce ta shanye, hancina lafiyarsa lau."

"Inna, ki kwantar da hankalinki. Gobe zan yi maganin abin gaba ɗaya."

Ya kuwa yi. Ya samo wata jibgegiyar wayar tagulla a gareji, mai kaurin ƙusa, ya naɗa ta a gurbin siririyar. Ya kunna firji da hita da dutsen guga a lokaci guda, ya tsaya a tsakar falo yana riƙe da ƙugu. Wuta ko ƙiftawa ba ta yi ba. Don kada matar ta kira wani a bayan idonsa ya taɓa masa aiki, sai ya danna wa akwatin kwaɗo, ya haɗa ɗan makullin da na mota.

Kwana goma yana ba abokai labari. Ƙaurin dai bai daina ba, sai ya sayo turaren ɗaki.

Ranar Laraba da hantsi, yana cikin cunkoson motoci a can wani gefen gari, matar ta bugo waya. Bai taɓa jin muryarta haka ba.

"Maigida, hayaƙi! Bangon ɗakin Inna na fitar da tartsatsi, labule ya kama!"

"Ki kashe wutar daga akwati, maza!"

"Ta yaya? Ai ka kulle!"

Idonsa ya sauka kan ɗan makullin yana lilo a gindin sitiyari. Ta cikin wayar yana jin tarin Inna, sannan layin ya katse.

Sai bayan minti hamsin ya iso. Matar, cikin ruɗewa, ta watsa bokitin ruwa a kan soket ɗin, wuta ta fizge ta ta buga da ƙasa. Duk da haka ta miƙe ta ja Inna har bakin ƙofa, hannuwanta biyu suka saluɓe. Maƙwabta ne suka ruga suka kira mai gyaran wutar nan na bayan layi. Cikin minti biyar ya iso. Ya fasa kwaɗon da guduma ya katse wutar, amma silin ya riga ya kama, ɗakin ya cika da hayaƙi.

Inna ba ta kai yamma ba. Likita ya ce ƙirjinta bai iya ɗaukar hayaƙin da ta shaƙa ba.

Bayan kwana uku mai gyaran wutar ya zo gaisuwa. Dattijo ne marar yawan magana. Ya ja Na-iya gefe, ya ciro wani abu daga aljihu ya ɗora masa a tafin hannu. Wayar tagullar ce, tana ƙyalli, ko baƙi ba ta yi ba.

"Allah ya ba ka haƙuri. Ba don in ƙara maka ciwo na kawo ba, sai don kada ka sake. Waccan siririyar da ka cire, an yi ta ne don ta ƙone a madadin gidan. Sau uku tana gaya maka akwai matsala a bango. Wannan da ta ƙi ƙonewa, sai wayoyin cikin bangon suka ƙone."

Na-iya ya durƙushe a wurin yana kuka kamar ƙaramin yaro. Daga baya, da ake kwashe kayan falo, ya tsinci katin a ƙarƙashin ƙafar tebur, lambar tana nan raɗau. Har yau matarsa ba ta iya dunƙule hannun dama, kuma ba wanda ke da ƙarfin halin kiransa da sunan nan a gabansa.

Jama'a, in fis yana yawan ƙonewa, ko soket ya yi baƙi, ko kun ji ƙaurin roba, ku kashe wutar ku kira wanda ya san aikin. Kowa a gida ya san inda ake katse wuta, kada a kulle wurin, kada a watsa ruwa a kan wutar lantarki. Ku nemi lambar mai gyara mafi kusa da ku tun yau, ku rubuta ta inda kowa zai gani.