Sanyin Garin Ladingo

Shekara uku ke nan da Ladingo ta tafi duniyar Mas aikin haƙar ruwa, ta bar mahaifinta, Malam Ɗantani tela, shi kaɗai a gida. Saƙo ba ya isowa daga can sai sararinsu ya washe. Shi ya sa kullum da hantsi yakan rufe shago ya taka zuwa ofishin yanayi, inda kwamfuta ke lissafa yadda iskar Mas ke juyawa.

Ran nan Uwani, ma'aikaciyar ofishin, ta juyo masa da allon kwamfutar.

"Baba, yau guguwar ta karkata kudu. Garin su Ladingo akwai sanyi, amma da sauƙi."

"Alhamdu lillahi. Ita dama ba ta jure sanyi." Ya ƙura wa ɗigon garin ido. "Yarinya, wata biyu ke nan ban ji muryarta ba. Wannan sanyin, su suka auna suka aiko?"

Uwani ta sunkuyar da kai.

"A'a, Baba. Ma'aunin garinsu ya yi shiru tun ranar da guguwar ta taso. Kwamfuta ce ke ci gaba da lissafinta."

"Ko da mutane a wurin, ko babu?"

"Iska kawai take lissafawa, Baba."

Ya gyara zaman hularsa.

"To gobe fa, me ta ce?"

"Ta ce sanyin zai ragu."

"Madalla," in ji shi. "Zan dawo in ji."