Fitilar Hajiya Indo

Tun da aka kafa sabuwar doka, duk binciken jami'a wanda masu aikin taimakon al'umma ba su fahimta ba, shafe shi ake yi. Shi ya kawo Dakta Lawandi, mai bincike a jami'a, ofishin Hajiya Indo, shugabar ƙungiyar gyaran rijiyoyi, kowannensu da fitilar auna fahimta maƙale a ƙirji.

Sau uku yana bayani, sau uku tana cewa, "Na gane, Dakta," don kada ta kunyata baƙo. Fitilarta tana nan ja, alamar ba ta gane ba.

Can ta gaji, ta ce, "Wai nufinka a nisanta masai da rijiya, yara su daina gudawa?"

Fitilarta ta koma koriya. Ta ɗago za ta yi masa murna, sai ta ga tasa ta yi ja.

Ya ce, "Hajiya, a wane shafi na faɗi haka?"