Ɗaki a Hawa na Uku

Tun ɗazu nake kallonka kana ta murza waya, kana neman masaukin da ya fi araha don ka kai iyalinka birni hutun mako guda. Ban ga laifinka ba, zamanin nan kowa lallaɓa aljihunsa yake yi. Amma ajiye wayar tukuna in ba ka misalin wani manomin albasa, wanda har yau in na tuna shi sai zuciyata ta karye.

Shekarar da albasa ta yi masa kyau, ya ƙudurta zai kai gidansa Kano su huta, yara su ga gari: shi da matarsa, da 'ya'yansa mata uku, da mahaifiyarsa. Tsohuwar a cikin birnin aka haife ta, aure ne ya kai ta ƙauye, kuma rabonta da garin ya haura shekara arba'in. Da ta ji zancen tafiyar, sai ta cika ƙaramar langa da man shanu, ta ɗaure da ƙyalle, ta tura ƙasan kayanta. Shi kuwa ɗan farinta ne. Ka san iyayenmu na da da kunyar ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ballantana ta buɗe baki ta roƙe shi wani abu. Masauki biyu aka nuna masa. Ɗaya a cikin gari, ɗakunan ƙasa da tsakar gida, sai dai yana da ɗan tsada. Ɗayan can bayan gari, a hawa na uku na wani bene, araha kamar kyauta. Mutumin ba marowaci ba ne, niyyarsa rarar da ya samu ya saya wa tsohuwar bargo da mayafi. Ya duba gadaje, ya kunna fanka, ya murɗa famfo ya ga ruwa na zuwa, ya ce ya yi dace. Matakalar ce kaɗai bai duba ba, don ƙafafunsa ƙalau suke.

Ran Asabar suka sauka. Tsohuwar ta hau benen nan tana dafa bango, tana hutawa a kowace kwana, da ta kai sama gwiwoyinta suka kumbura suntum. Ta ja zane ta rufe. Kullum da safe in an shirya fita, sai ta ce wa surukarta, "Ku je kawai, ni na ƙoshi da yawo." Ɗan ya ɗauka hutu take so, har yana jin daɗi ya sama mata ɗaki mai iska. Suka je gidan zu, suka hau Dala, suka kutsa kasuwar Kurmi, suna dawo mata da gurasa da labari, tana murmushi tana sa musu albarka. Wuni take yi a bakin taga, ba abin da take gani sai tankin ruwan maƙwabta. Man shanun nan zafin kwano ya narkar da shi, har ya fara jiƙa ƙyallen. Sai ran Alhamis surukar ta ga maiƙo a jikin kayan, ta ɗaga zanen ta ga gwiwoyi, ta zauna ta yi ta lallashi har tsohuwar ta yi magana. Ashe ba kallon gari ya kawo ta ba. Tana da aminiya tun ta ƙuruciya a wani lungu cikin birni, wadda suka yi tallan fura tare, ita ta raka ta ɗakin miji, kuma tun kafin su taso ta aika mata ta bakin wata mai sayar da goro cewa tana nan tafe.

A daren nan matar ta gaya masa. Da safiyar Juma'a ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ta kau da kai don kunya, amma ta yarda ya goya ta. Ya sauko da ita matakala ɗaya bayan ɗaya, tana rungume da langar. Suka yi ta tambaya har suka gane lungun. Tun daga nesa suka hango tabarmi a ƙofar gida da maza zazzaune, ana rabon gumba. Sadakar uku ake yi, ran Laraba aminiyar ta rasu. 'Yar marigayiyar ta riƙe hannun tsohuwar tana kuka, ta ce, "Inna, tun ran Asabar kullum sai ta sa an shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gida, ta ce kina hanya." Gidan nan kuwa, daga masaukin da ya ƙi kamawa, ko mai sanda zai taka zuwa gare shi. Tsohuwar ta ajiye langar a kan tabarmar da babu kowa, ta yi addu'a, ta ce a mai da ita gida. Ba ta taɓa yi masa zancen ba har ta bar duniya, bargon da ya saya mata ma ta karɓa ta sa masa albarka, kuma ya ce da ni wannan albarkar ta fi zagi yi masa ciwo.

Don haka kafin ka biya kuɗin ɗaki, dubi wanda ya fi kowa rauni a cikin tafiyarku, musamman wanda ba zai taɓa buɗe baki ya ce maka ya gaza ba. Manomin nan ya gane haka, amma sai da aka shafa fatiha. Shi ya sa Hausawa suka ce, da na sani ƙeya ce, a baya take.